An Ɗauke Shi

Zuwa ga Kawu Direba,

Assalamu alaikum. Mai gaishe ka 'yarka ce Lauya, wadda ka laƙaba wa sunan nan tun tana ƙarama saboda musu, kuma har yau bai sake ta ba. Ya hanya, ya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau, sai hawan jinin Inna da ya zama kamar farashin kaya, hawansa ya fi saukarsa yawa. Likita ya ja min kunne kar a riƙa kai mata labarin da zai tayar mata da hankali.

Rabonmu da kai tun rasuwar Kaka, kuma dangantakarmu sai an zauna an warware ta, tunda kai ɗan ƙanwar Kaka ne. Amma da aikin kanikanci ya tsaya wa ƙanena Dogo a nan, kai kaɗai ka ce ya taho wurinka, ko ƙungiyar agajin da kake tuƙa wa mota za ta buƙace shi. Allah ya bar zumunci. Tun da aka kakkarya turakun waya a yankinku ba mu sake jin muryarsa ba, shi kuwa da ya riƙe biro gara ya sauke inji. Shi ya sa na ba mai tirelar da ke kai muku kaya wannan takarda.

Ga buƙatata. Zan sake zana jarrabawar shiga aikin gwamnati, kuma bana ce ta ƙarshe gare ni, don baɗi shekaruna sun wuce ƙa'ida. Takardar da ta kayar da ni bara ita ce ta al'amuran yau da kullum: ƙungiyoyin duniya da rahotanninsu. Wa ke fitar da rahoton kaza, ina hedikwatar kaza, wace ƙasa ce ta zo ta ɗaya, wace ce ta riƙe wutsiya. A shagon buga takardun da nake aiki na mammanna sunayensu a jikin injin kwafi, ina aiki ina haddacewa. Jiya Inna ta ji ina ta maimaita Majalisar Ɗinkin Duniya, sai ta tsayar da keken ɗinkinta ta ce, "Wai shekara nawa suna ɗinkin nan ba su gama ba? Ko zare ne ya ƙare musu? Su kawo min ita in ga inda ta yage."

In akwai tsofaffin rahotanni a ofishinku da ba a buƙata, don Allah ka aiko min. Ka gaya min gaskiyar lafiyar Dogo.

'Yarka,
Lauya

*

Zuwa ga 'yata Lauya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin man dizal, na karanta ta ina dariya ni kaɗai a bayan sitiyari. Ki gaida Innarki, ki ce mata in sun kawo mata duniyar ta fara da ɓangarenmu, nan ne ta fi yagewa. Bayana yana nan. Shi da kujerar mota sun zama miji da mata, ba sa shiri kuma ba sa rabuwa.

Dogo lafiyarsa ƙalau. A ɗakina yake kwana, ƙafafunsa sun wuce katifar, kullum sai na yi tuntuɓe da su. Na ce masa ya riƙa zuwa garejinmu yana taya su aiki ko ba a sa shi ba, don a ga hannunsa. Yanzu babban bakanike ya daina ce masa "kai", ya fara kiran sunansa. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Ga kwali nan guda na rahotanni, na tare su a hannun mai shara yana shirin ƙonawa. Ni ban karanta ba, hotuna nake kallo. Abin da na sani game da ƙungiyoyin nan bai wuce launin motocinsu ba, da kuma wadda take sallamar direbobinta kafin rana ta faɗi. In wannan ya fito a jarrabawa, kin ci.

Aikinmu dai shi ne mu jera motoci mu kai hatsi da magani sansanin 'yan gudun hijira da ke bayan babbar gada. Ba zan ɓoye miki ba, akwai 'yan bindiga a hanyar, amma mu masu farar mota ba a cika taɓa mu ba. Ki kwantar da hankalinki ki yi karatu.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa, Inna ma tana gaisuwa, jikinta da sauƙi. Kwali ya iso, na gode. Amma da na san abin da ke ƙasansa da ban buɗe ba.

Na karanta na yunwa, na karanta na lafiya, na karanta na ilimi, duk ina ja musu layi da jan biro kamar yadda na saba. Sai na kai ga wani mai ruwan ɗorawar bango, a kan hare-haren da ake kai wa ma'aikatan agaji. A tsakiyarsa akwai taswira da jajayen ɗigo-ɗigo. Na bi layin hanya da yatsa har na ga an zana gada, ɗigon nan kuma sun taru a kanta kamar tururuwa a kan sukari. Kawu, gadarku ce?

Rahoton ya ce yawancin waɗanda abin ke rutsawa da su ba manyan baƙi ba ne, 'yan ƙasa ne: direbobi, kanikawa, masu lodi. Ya ware babi guda a kan waɗanda aka ɗauke a hanya, wasu an sako su, wasu har yau shiru. Shekara guda ke nan ina haddace irin waɗannan alƙaluma ba su taɓa hana ni cin abinci ba, don a wurina amsar tambaya ce kawai. Yau na duba adadin sai na ga mutane masu dogayen ƙafafu. Wani ya zo a kwafa masa takardar haihuwa, na miƙa masa farar takarda ba komai a kai, sai da mai shago ya daka min tsawa.

Tsoro nake ji. Na cusa littafin ƙarƙashin ɗaurin takardu a shago don kar ya shiga gida, amma ko ina na juya na san yana wurin. Ka ce ba a cika taɓa ku ba. Wannan "cika" ɗin ita ta tsaya min a rai.

Lauya

*

Lauya,

Muna lafiya. A tsaye nake rubutu, mai tirela ya riga ya tayar da mota. Maganar Dogo: an ɗauke shi. Da safe suka zo har gareji suka tafi da shi, ko kayansa bai tsaya haɗawa ba. Su huɗu ne. Ban san ranar da za su dawo da shi ba. Kar ki gaya wa Innarki tukuna, sai na ga yadda ta kaya. Ku dage da addu'a.

Kawunki

*

Kawu,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san yadda zan gaishe ka ba. A bakin shago mai tirela ya miƙo min takardarka, na karanta, na zauna a kan dakali. Na riƙe masa riga ina tambayarsa, ya ce shi iyakarsa bakin ƙofa, ya sauke kaya ya juyo, bai ji komai ba.

Su wa suka zo? Yaya aka yi suka shigo har cikin gareji, ba masu gadi? Sun buge shi? Ka san Dogo da baki, in aka taɓa shi sai ya mayar, kuma irin mutanen nan ba a mayar musu da magana. Sun faɗi abin da suke so? Ƙungiyar taku ta san da shi kuwa, tunda ba ma'aikacinta ba ne? Na koma na zaro littafin nan na karanta babin daga farko har ƙarshe, ina neman abin da ake yi. Babu. Ya faɗi nawa aka ɗauke, ya faɗi nawa suka dawo, bai faɗi abin da yayar mutum za ta yi ba.

Ban gaya wa Inna ba, kuma wannan ya fi komai wuya. Ta yanko yadi tana ɗinka masa riga. Ɗazu ta ce, "Zo ki miƙa hannu in gwada, sai in ƙara taƙi guda, tsawon na Dogo ke nan." Na miƙa, hannun yana rawa. Ta ce, "Ke kuma lafiya?" Na ce karatu ne. Ta ce, "Allah ya raba mu da karatun da ke sa mutum karkarwa." Na shiga banɗaki na kunna famfo don kar ta ji ni.

Na yanke shawara. Mai tirela zai sake tasowa ana gobe jarrabawa, kuma na roƙe shi ya ajiye min wuri a gaba. In ban ji daga gare ka ba kafin nan, zan biyo shi. Aikin gwamnati ya tafi, ba a kaina aka fara rasawa ba. Ban san abin da zuwana zai ƙara ba, amma ba zan iya zama a aji ina zaɓen amsa ƙanena yana daji ba. Wannan na ba direban wata motar magani da za ta zo wurinku, ya ce zai riga tirela isa.

Lauya

*

'Yata Lauya,

Subhanallahi! Ki ajiye jakarki, ki sha ruwa, ki zauna. Dogo yana nan, lafiyarsa ƙalau, yanzu haka ina jiyo shi yana musu da wani a kan sifana. Aiki aka ɗauke shi, 'yar nan, aiki! An ɗauki Dogo aiki.

Da takardarki ta zo na karanta sai da gumi ya karyo min. Na tuno abin da na rubuta miki, na maimaita shi a bakina, ban ji laifinsa ba. Na rubuta shi a bayan kwalin sigari na duba da ido, a nan na ga ɓarnar. Da da baki na faɗa miki, da kin ji bambancin tun daga muryata, don yadda ake faɗin an ɗauke shi aiki daban, yadda ake faɗin an ɗauke shi an tafi da shi daban. Amma takarda ba ta da murya. Mu kuma a gareji ba ma ƙarasawa, in an ce wane an ɗauke shi, kowa ya san alheri ne.

Manyan ofis ne suka zo suka kwashe su, su huɗu, zuwa wani garejin ƙungiyar don a gwada su. Na ce kar ki gaya wa Innarki ne saboda ba a sa hannu ba tukuna, kar ta sa rai a fasa. Addu'ar da na ce ku yi ta cin gwaji ce. Ya kuwa ci. An ba shi kati mai hotonsa, an ba shi rigar ƙungiya mai tambari gaba da baya, irin mara hannun nan da ake ɗorawa a kan kaya. Shi ne zai riƙa bin ayarin motoci, in wata ta lalace a hanya ya duba ta.

Da na ba shi labari ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Yaya Lauya ke nan, ta karanta duniya ta kasa karanta layi ɗaya." Amma daga baya na ga ya koma bayan mota yana goge ido da gefen hannu.

Wata ma'aikaciyar jinya za ta tafi hutu garinku, ita na ba wannan don ta riga ranar tafiyarki. Ki yafe wa tsoho. Ki je ki zana jarrabawarki.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka, kodayake ban gama hucewa ba. Ma'aikaciyar jinyar ta same ni na riga na ɗaure jaka na ɓoye ta a shago. Na karanta, na yi kuka, na yi dariya, sannan na ji kunya ta rufe ni. Da na gaya wa Inna an ɗauki Dogo aiki, sai da ta tashi ta taka rawa da almakashi a hannu. Sauran labarin ban ba ta ba, kuma kar ka ba ta.

Na zana jarrabawa. Babban zaure ne, fanka ɗaya ke aiki, wanda ke kusa da ni yana ta taunar biro. Hedikwatoci sun fito, Bankin Duniya ya fito, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito. A ƙarshe aka ce mu yi bayani a kan kariyar da dokokin ƙasa da ƙasa suka ba ma'aikatan agaji. Kawu, na cika shafi har na nemi ƙari. Wannan kam ba hadda ba ce, a jikina na karanta ta.

Amma tsoron bai tafi ba, wuri kawai ya canza. Da yana gareji, yanzu kuma kai da bakinka ka ce zai riƙa bin hanyar gada. To ga abin da na koya, kuma ina so ka ɗauke shi da muhimmanci. Dokar ta hana a taɓa ma'aikacin agaji, amma sai an gane shi ne za a kiyaye shi. Tambarin nan shi ne shaidarsa. Na san Dogo, zai ce zafi, zai ce baƙin mai zai ɓata ta, ya cire ya jefa bayan kujera. Kar ka yarda. Duk ranar da zai hau hanya ya sa rigar nan, katin kuma a wuyansa. Ka ce masa ni na ce, in ya ƙi kuma ban yafe ba. Wannan kaɗai nake da shi da zan kare shi da shi daga nan.

Lauya

*

Lauya,

Assalamu alaikum. Ina fata Innarki tana lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, kuma kar ki karanta a gabanta.

Wannan karon na sa sunansa don kar takarda ta sake ruɗa ki. An ɗauke Dogo. Babu kalmar da na manta.

Mun dawo daga sansani da rana tsaka, motoci a jere, shi yana gefena. Muna hawa gada muka tarar an gindaya itace. 'Yan bindiga suka fito ta ƙarƙashi, ta gaba da ta baya. Ba su yi harbi ba. Suka sa kowa ya sauko ya zauna a kan kwalta, mu da masu lodi da wasu mata da muka rage wa hanya. Wani mai rawani ya bi mu yana dubawa, sai ya ce, "Masu riga su miƙe." Ashe su suke nema, don sun san mai tambari yana da ƙungiya a bayansa da za ta neme shi.

Tawa rigar tana kan kujera, na ninke ta na tokare bayana da ita kamar kullum. Ba dabara ba ce, ciwo ne. Na miƙe na ce ni ma ma'aikaci ne, ni ne babba, su tafi da ni su bar yaron. Mutumin ya kalli furfurata ya ce ba zan iya tafiyar ba, ya tura ni na faɗi. Dogo bai yi musu ba, Lauya, ko kalma ɗaya. Ya juyo ya ce min, "Kawu, kar a gaya wa Inna." Suka gangara da su ta gefen gada, ina hango kansa sama da na kowa har itatuwa suka rufe su.

Kar ki ɗora wa kanki komai. Dokar ofis ce a sa rigar, kuma ni ne na tsaya a kansa da safen nan sai da ya sa. Manya sun ce suna magana da mutanen ta hannun wasu dattawa, sun ce ana samun a sako su, sai dai ba su ce yaushe ba. Kullum ina bakin ofis. Ba a hana ni shiga, amma ba a gaya min komai.

Ni da na ce miki ba a cika taɓa mu ba, yau tsoro ya hana ni kallon katifarsa. Mai tirela zai taso da wannan in an buɗe hanya. Yadda za a yi da Innarki, na bar miki, don ni ban sani ba.

Kawunki

*

Kawuna Direba,

Gaisuwa da babbar murya! Ya bayanka, ya sabon ma'aikaci? Shiru ban ga amsar takardata ba, mai tirela ma an kwana biyu bai shigo gari ba. Zuciyata ta so ta fara halinta, na ce mata kul, sau ɗaya ake yi wa Lauya dariya. Hutun ma'aikaciyar jinyar nan ya ƙare, gobe za ta kamo hanya, shi ne na ce bari in ba ta wannan.

Albishirinka. Sakamako ya fito, an kira mu ganawa, kuma jiya na ga sunana a allo. An ɗauke ni AIKI. Ka ga na rubuta shi da manyan baƙaƙe, don ni ba irin wasu ba ce da ke barin magana a rabi. Ɗaya daga cikin masu ganawar ya ce amsata a kan kariyar ma'aikatan agaji ce ta fi burge su. Ka ga kwalin mai shara ya yi rana.

Jinin Inna ya sauka, likita har ya tambaye ta me ta sha. Ta gama rigar Dogo, ga ta nan a cikin ledar, ta ce in hannun ya yi gajere laifina ne. Ta sa an gyara masa ɗakinsa, ta shanya katifa, wai ko za a ba shi hutu. Yanzu in ta ji ƙarar babbar mota a titi sai ta tsayar da keke ta kasa kunne.

Ni ma ga tawa shawarar. Tunda na samu, ba sai ya daɗe a hanyar nan ba. Ya ɗan ƙara haƙuri in zauna da gindina, sai ya dawo mu nema masa wurin da zai buɗe garejinsa, ko da rumfa ce. Littafin nan mai ruwan ɗorawar bango na mayar da shi kwali na ɗaure, ba na son in sake ganinsa.

Ka ce masa ya rubuto ko layi ɗaya ne, na yi alkawari zan karanta shi daidai.

'Yarka,
Lauya

Kawu, kar ka gaji da ni. Yana dai sa rigar ko?